Filin Jirgin Sakkwato: Titi Ya Samu, Ina Fasinja?

Tsakanin tashin jirgi ɗaya da saukar na gaba, filin jirgin saman Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato wuri ne da mutum zai iya jin takun kansa. Kujerun zauren jira a jere suke, babu kowa a kai sai wani ma'aikaci da ya miƙe ƙafa yana latsa waya. Mai sayar da lemo da biskit ya kifa kai a kanta. A waje, direbobin tasi sun ja motocinsu inuwa, sun shimfiɗa tabarma, ana ta hirar siyasa da tsadar mai. Can ta bayan gini kuwa titin saukar jirage ne, kwalta mai tsawon kilomita uku, rana na dukansa har kawalwalniya na tashi.

Da an ji ƙugin jirgi sai wurin ya farka gaba ɗaya. Motoci masu baƙin gilashi su fara shigowa, wata da jiniya, wata da 'yan sanda a baya. Maroƙi ya gyara murya. Direbobin tasi su naɗe tabarma su yi dafifi a bakin ƙofa, kowa na cewa, "Alhaji, cikin gari za a shiga?" Manyan riguna su fito, wasu manyan riguna su shiga, a yi musabaha a tsaitsaye, a tura jakunkuna. Kafin sa'a guda ta cika jirgi ya juya ya nufi Abuja, ƙurar motoci ta lafa, mai lemo ya koma barcinsa. A yawancin ranaku, jiragen fasinja da ke sauka a nan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Wanda ya saba bin wannan hanya ya san fuskokin. 'Yan siyasa ne da muƙarrabansu, 'yan kwangila, malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu zuwa taro, ma'aikatan banki, jami'an ƙungiyoyin agaji, sai marar lafiya da danginsa suka yi karo-karo za a kai shi Abuja, daga can a wuce Alƙahira ko Indiya. Manomin tafarnuwa na Wurno ba ya cikinsu. Babu mai albasar Goronyo, babu mai shanun Rabah. Su waɗannan, idan Allah ya nufa, sau ɗaya suke taka wannan zaure a rayuwarsu, ranar da za su Makka.

Wata guda na alhazai

An buɗe filin ne a farkon shekarun 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, lokacin da kuɗin mai ke sa gwamnati tunanin manyan ayyuka. Sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yake ɗauke da shi, wanda ya yi shekara 50 a kan gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. An yi shi ne da niyyar ɗaukar manyan jirage masu ƙetare teku, shi ya sa ake kiransa na ƙasa da ƙasa. Amma in ban da Jidda da Madina, da wuya ka ji wani birnin ƙetare da ake tashi zuwa gare shi daga nan. Filin jirgin Sakkwato dai tamkar filin Idi yake: an yi shi da faɗi saboda ranar taro, sauran kwanaki kuwa iska ke yawo a cikinsa.

Ranar taron kuwa abin kallo ce. Da an fara jigilar maniyyata, hanyar filin jirgi ba ta biyuwa. Motocin haya daga Goronyo, Wurno, Rabah, Gada, Isa da Sabon Birni su yi ta sauke mutane, kuma a kan maniyyaci ɗaya sai ka ga 'yan rakiya cike da mota. Masu shayi su kafa teburi, masu tsire su hura wuta, masu fura, masu cajin waya, masu canjin riyal, masu sayar da igiya da kwaɗon jaka, kowa ya samu wurin zama. Ana kwana a nan, wani lokaci kwanaki, domin jirgin alhazai ba ya cika alkawarin lokaci.

A cikin wannan cunkoso za ka ga tsohuwa daga wani ƙauyen bakin gulbin Rima, sanye da atamfar da aka yi wa maniyyatan jiha anko, 'yar jakar fasfo rataye a wuya, tana dafe da ita da hannu biyu. Shekaru ta yi tana tara kuɗin, daga kiwon tumaki da adashi da abin da 'ya'ya suka cika. A jakarta akwai garin kuka, da daddawa, da yaji, kuma duk da jan kunnen da malaman bita suka yi cewa Saudiyya ta hana shiga da goro, sai an lalubo 'yan ƙwarori a ƙulle cikin zane. Ba ta taɓa hawa bene mai tsawo ba, yau ga ta a gindin matakalar jirgi mai cin mutum ɗari huɗu. Jikokinta na can jikin waya suna leƙe. Ba za su bar wurin ba sai sun ga jirgin ya ɗaga ya shige gajimare, sannan a shafa fatiha a nemi motar gida.

Bayan sati biyar ko shida a sake wani taron, na taryar alhazai, da galan-galan na zamzam da dabino da tsarabar yara da haƙorin Makka. Daga nan masu shayi su kwashe teburansu. Sai baɗi.

Shekara da shekaru alhazan Zamfara ta nan suka riƙa tashi, haka ma na Kebbi kafin su samu nasu filin. Ko wannan kasuwa ta wata guda ma tana ƙanƙancewa, domin kujerar Makka da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, har Najeriya ta kasa cike gurabe 95,000 da Saudiyya ta ba ta.

Duk da haka, kada a raina abin da filin ya yi wa mutanen gabashin Sakkwato. Kakanninsu da ƙafa suke zuwa hajji, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, har bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, wasu su mutu a hanya, wasu su zauna a Sudan har abada. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin kogin Nilu, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar, wanda yake nan har gobe. Jirgin sama bai fara sauka a ƙasar Hausa ba sai 1925, a Kano. Su Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim suka shiga harkar jigilar alhazai, wadda ta bar wa wata unguwa a Fagge sunan Wapa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma tsohon hakiminta, ya sauke farali a 1955, ya kuma sa gwamnatin Arewa ta ɗauki lamarin alhazai da muhimmanci. Daga tafiyar shekaru zuwa ta sa'o'i biyar, a cikin rayuwar mutum ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka nan filin yana da ranakun baƙin ciki da Sakkwatawa ba su manta ba, duk da cewa ba a kansa abin ya faru ba. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin da Nigeria Airways ya yi haya daga wani kamfanin Kanada ya taso daga Jidda ɗauke da alhazai zai kawo su Sakkwato. Tayoyinsa suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, ya juya zai koma bai kai ba. Mutum 261 da ke ciki babu wanda ya fita. Ranar 29 ga Oktoba 2006 kuma jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja a hanyarsa ta zuwa nan, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, ɗa ga mai sunan filin, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da Sanata Sule Yari Gandi. A ranakun nan biyu mutane sun taru taryar 'yan uwa, suka koma gida da ta'aziyya.

Kowa da nasa filin

Filin jirgi ba ya rage cin kuɗi don babu fasinja. Ko jirgi ɗaya ne zai sauka a wuni, dole a sami masu kula da zirga-zirga a hasumiya, da 'yan kwana-kwana da motocinsu a shirye, da masu hasashen yanayi, da jami'an tsaro, da kwastan da shige da fice, da janareto yana shan gas, da mai yanke ciyawa don kada tsuntsaye su yi sheƙa a bakin titi. A 2024 shugabar hukumar filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, Olubunmi Kuku, ta faɗa a fili cewa cikin filaye 22 da hukumar ke riƙe da su, uku ne kaɗai ke ciyar da kansu. Sauran a bayan waɗannan ukun suke goye. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, fasinjojin da suka bi ta filayen jirgi a 2022 ba su wuce kimanin miliyan 16 ba, kuma kaso mafi tsoka Legas da Abuja ne. Ko a cikin wannan adadi, mutum ɗaya mai zirga-zirgar Abuja duk mako an ƙirga shi sau da yawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Fabrairun 2022 kamfanoni suka mayar da mafi arhar tikiti naira 50,000, aka yi ta kururuwa. A watan Mayun shekarar suka yi barazanar ajiye jiragensu, suna cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Kafin a ankara tikitin tafiya ɗaya ya haura 100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Malamin firamare a Achida, ko albashinsa na wata ya haɗa kaf, ba zai kai shi Abuja ta sama ba, balle ya dawo da shi. Ga kuma hazo: daga Disamba zuwa Fabrairu akan wayi gari ba a hangen ƙarshen titi, a ɗage jirgin safe zuwa yamma, na yamma zuwa gobe, wanda ke da uzuri na gaggawa ya haƙura ya nemi mota.

Da yake haka lamarin yake, da sai mutum ya zaci gwamnoni za su yi taka-tsantsan. Ina! Kowa so yake a ce a zamaninsa jirgi ya fara sauka a jiharsa. Kebbi ta gina nata a Birnin Kebbi zamanin Saidu Dakingari, aka sa masa sunan Sardauna, ga shi tsakaninsa da na Sakkwato tafiyar sa'a biyu ce a mota. Jigawa ta gina na Dutse zamanin Sule Lamido, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2014, duk da cewa Kano na nan kusa. Katsina na da nata, Bauchi na da nata, Gombe ma haka, Zamfara ita ma ta shiga layi da na Gusau. Ƙwaryar fasinjan da da ma ba ta cika ba, aka sake rarraba ta. Wasu jihohin har kuɗi suka riƙa biyan kamfanoni na kujerun da ba a saya ba, don dai jirgi ya ci gaba da zuwa. Da nauyin ya yi yawa, suka koma roƙon Gwamnatin Tarayya ta karɓi filayen. Ranar 15 ga Mayu 2024 daga Birnin Kebbi aka ƙaddamar da jigilar alhazan ƙasa baki ɗaya, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya halarta, aka yi hotuna. Bayan hajji filin ya koma yadda yake.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Siri Lanka, Shugaba Mahinda Rajapaksa ya ciyo bashin Sin na kusan dala miliyan 200 ya gina katafaren fili a Mattala, yankinsu na haihuwa, aka buɗe a 2013. Jirage suka ƙi zuwa. A 2015 sai ga hukuma tana ajiye shinkafar manoma a rumbunan kayan filin. Ni dai a ganina ranar ce filin ya fi amfanar talakan wurin.

Albasa ba ta hawa jirgi

Duk lokacin da aka tambayi masu mulki ina amfanin waɗannan filaye, amsa ɗaya ce: za a mayar da su na dakon kaya, a riƙa fitar da amfanin gona zuwa Turai da ƙasashen Larabawa. Tun zamanin Stella Oduah tana ministar sufurin jiragen sama aka ware filaye 13 da sunan na fitar da kayan gwari. Maganar na da daɗin ji, musamman a kunnen mutumin gabashin Sakkwato, inda tafarnuwar Wurno ta yi suna a duk faɗin ƙasar nan, albasar Goronyo da Gada kuma take cika tireloli zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, wata ta ƙetare iyaka har Gana.

Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaga buhun albasa ya san inda maganar ta karye. Albasa kaya ce mai nauyi da arha. Kuɗin dakon kilo guda a jirgin sama ya ninka kuɗin kilon albasar kanta. Babu ɗan kasuwar da zai yi wannan lissafi ya saka kuɗinsa. Ko Holan da Indiya, da suka shahara wajen fitar da ita, a jirgin ruwa suke lodawa. Abin da albasa ke bukata shi ne hanya mai kyau, da jirgin ƙasa, da wurin ajiya. Jirgin ƙasa kuwa tun 1929 ya tsaya a Ƙaura Namoda, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Katsina da Jibiya ya bi.

Je ka bayan garin Goronyo ko Wurno bayan an cire albasa, wajen watan Maris zuwa Afrilu, ka ga yadda ake ajiya. Rudu ne na kara da itace, an ɗaga shi daga ƙasa, an zuba albasa, an rufe da ciyawa. Manomi na son ya riƙe ta zuwa damina lokacin da take tsada. Amma zafin Sakkwato ba ya wasa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya buɗe ya tsince, wadda ta ruɓe ya watsar, wadda ta tsira ya ware, wadda ta motse ya girgiza kai. Warin kan sanar da kai tun daga nesa. Wanda ba zai iya jure ganin wannan asara ba, ko bashin taki ya taso shi gaba, shi ne ke kai wa dillali a lokacin da kasuwa ta cika ta batse, ya sayar a wulaƙance. Wata huɗu bayan haka, buhun nan da ya sayar ya ninka kuɗi sau uku ko fiye, amma a hannun wani.

Kayan da ke hawa jirgi daban ne: masu tsada, marasa nauyi, masu saurin lalacewa. Kenya na yanke furanni a gefen tafkin Naibasha da safe, a sa su a motar sanyi zuwa Nairobi, su kwana a sama, su wayi gari a kasuwar Holan. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa ba faɗin titin jirgi ba ne. Akwai ɗakin sanyi tun daga gona, akwai wutar da ba ta yankewa, akwai ɗakin gwajin da mai saye ya yarda da takardarsa. Mu kuwa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Ko da jirgi goma ke jira a Sakkwato, wannan waken ba zai shiga ba.

Akwai abin da yankin zai iya aikawa ta sama idan an yi aikin da ya kamata. Naman rago da na akuya da aka yanka a mayanka ta zamani yana da kasuwa a ƙasashen Larabawa, Habasha da Sudan sun daɗe suna cin wannan kasuwa. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, har yanzu ɗanya take barin jihar zuwa majemun Kano, daga can ta wuce Italiya da Sifen. Tafarnuwa da albasa idan an busar an niƙa, an zuba a mazubi mai kyau, nauyi ya ragu, daraja ta ƙaru. Amma duk waɗannan masana'antu ne, a ƙasa ake gina su, kuma kafin jirgi ake gina su.

Ɗan uwan filin jirgi a Goronyo

Wanda ke son ya gane ciwon filin jirgin Sakkwato, ya kama hanyar Achida ya je ya ga madatsar ruwan Goronyo. Zamaninsu ɗaya, tunanin da ya haife su ɗaya. An kammala ta a 1984, aka ƙaddamar a 1992. Bangonta ya kai kilomita 12 da rabi, an kuma tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ita ke shayar da birnin Sakkwato har zuwa Birnin Kebbi. Manufar ita ce fadamar Rima ta zama kore rani da damina, dubban kadada su samu ruwa ta magudanai. An yi babban aikin, wanda ake yanka kirtani a kansa. Ƙananan ayyukan da ke sa babban ya yi amfani, wato magudanan da za su kai ruwa gona, da yashe su, da gyaran ƙofofi, su ne aka yi ta jan ƙafa a kansu shekara da shekaru, har Bankin Duniya ya shigo da shirinsa na gyaran noman rani a 2014, wanda ya haɗa da Bakolori da tsakiyar Rima.

A Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki, ta yanke gadar da ke haɗa jami'a da gari. A 2018 kuma aka wayi gari ruwan ya ja baya har saura kusan kashi ɗaya cikin goma, hankalin Sakkwato ya tashi. A Wurno, madatsar Lugu da ke ba tsohon aikin noman rani na garin ruwa, ambaliya ta fasa ta, ta shafe shekaru a haka manoman shinkafa na ta kai kuka. Yawancin masu noman rani a yankin da kansu suke haƙa 'yar rijiya a gona su ɗora injin ban-ruwa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da suke saye ƙasa da naira 200 ta kai 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai kadada biyu ya koma noman ɗaya. Masu ɗan hali ne suka koma injin hasken rana.

Wurno ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Sarakunan Musulmi da dama a nan suka zauna, har Baturen nan Barth ya sauka a garin a 1853 zamanin Aliyu Babba. A wata ƙasar, wannan kaɗai ya isa ya kawo baƙi daga Senegal zuwa Sudan, su sauka a filin jirgi, su kwana a masauki, su ci abinci, su sayi tsaraba. Masu ziyara na zuwa, amma a motocin haya, su yi addu'a su juya kafin la'asar.

Kafin la'asar, domin kowa ya san halin da hanyoyin gabas ke ciki. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah suka kashe mutane da dama. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnatin jiha ta ƙirga gawa 43. A Disambar shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. A 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu. Akwai ƙauyukan da sai an biya haraji kafin a shiga gona, a sake biya kafin a girbe. Wane mai kuɗi ne zai kafa masana'antar busar da albasa a inda mai unguwa ma ba ya kwana a gidansa?

Abin takaicin shi ne, wannan masifa ta ƙara wa filin jirgin 'yan fasinjoji. Tun da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta zama abin tsoro, wanda a da zai shiga motarsa ya tafi Kaduna ko Abuja, yanzu rance zai ci ya sayi tikiti. Iyayen masu yi wa ƙasa hidima daga Kudu sun gwammace su biya kuɗin jirgi da su biya kuɗin fansa. Jiragen soja ma sun ƙaru. Wannan ba cikar da za a yi murna da ita ba ce. Kuma tana da wata illa da ba a cika faɗa ba: waɗanda ke da ikon gyara hanya su ne suka daina bin ta. Wanda ke tsallake Zamfara cikin minti hamsin a saman gajimare, ramukan hanya da shingen 'yan bindiga labari ne a wurinsa, a waya yake gani.

Ba ina cewa a rufe filin jirgin Sakkwato ba. Cibiyar Daular Usmaniyya, mai nisan ɗaruruwan kilomita daga Abuja, tana bukatarsa, alhazai na bukatarsa, marasa lafiya na bukatarsa, kuma an riga an gina shi. A kula da shi, a gyara na'urorin da ke taimaka wa jirgi sauka cikin hazo, a bar shi haka. Abin da bai kamata a sake yarda da shi ba shi ne a zo da zanen sabon zaure ko rumbun dakon kaya na biliyoyin naira a ce don manomi ake yi. Manomin Wurno bai roƙi wannan ba.

Abin da yake roƙo sananne ne, kuma ya fi arha: madatsar Lugu ta tsaya da ƙafarta, magudanan tsakiyar Rima su kai ruwa inda aka yi alkawari tun 1984, a gina rumbunan ajiyar albasa masu shan iska a Goronyo da Wurno da Achida, a tsare hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni da ta Rabah zuwa Gandi yadda tirela za ta yi lodi da yamma ta kama hanya ba fargaba. 'Yan majalisar tarayya masu wakiltar Wurno da Rabah, da Goronyo da Gada, da sanatan Sakkwato ta Gabas, kusan duk mako suna ratsa zauren nan a hanyarsu ta zuwa Abuja, inda ake rubuta kasafin kuɗi. Jama'ar da suka zaɓe su su tare su a gida, su tambaye su nawa aka sa wa waɗannan ayyuka a kasafin bana, nawa aka saki, kuma wa aka ba kwangilar.